Dalilin da ya sa na daina buɗe kati

Salam jama'a. Toh bari in amsa tambayar nan ta ko da gaske na daina buɗe kati a wuri ɗaya tunda saƙonni sun yi yawa kuma na gaji da maimaita magana ɗaya da murya. Eh gaskiya ne, na daina buɗe wa mutane katin tarot. Ba hutu na tafi ba, ba kuma dabarar ƙara kuɗi ba ce kamar yadda wata ta rubuto min (ƙawata kin ban dariya wallahi). Waɗanda suka riga suka biya na mayar musu da kuɗinsu, in akwai wadda nata bai shiga ba ta taɓo ni. Abin da ya rage shi ne bayani, kuma zai ɗan yi tsawo don abin ba dare ɗaya ya faru ba, sannu a hankali tunanina ya dinga juyawa har na wayi gari abin da nake yi da hannuna ya daina tafiya da abin da na yarda da shi a zuciyata.

Ga waɗanda suka shigo shafin nan kwanan nan basu san kan zancen ba, tarot kati ne guda 78. Guda 22 su ne manya, kowanne da hotonsa da sunansa, akwai Wawa, akwai Masoya, akwai Mutuwa, Hasumiya, Shaiɗan, Tauraro, Wata, Rana da sauransu. Sauran 56 ɗin sun kasu gida huɗu kamar dai kartar da muka sani, kofuna, takubba, sanduna da sulalla, kowane gida daga ɗaya zuwa goma sai sarki da sarauniya da barde da yaron fada. Ana cakuɗawa, mai tambaya ya yanke, a jera su a kife sannan a dinga buɗewa ɗaya bayan ɗaya ana fassara.

Ni a nan Manchesta na haɗu da shi, lokacin kullen korona, ina aikin dare a gidan kula da tsofaffi. Wata baturiya da muke aiki tare ita take zuwa da nata a naɗe cikin ɗankwalin siliki, in tsofaffi sun yi barci wajen ƙarfe uku na dare sai ta baje su a teburin ɗakin hutu kusa da butar shayi. Lokacin nan kowa a tsorace yake, muna rasa mutane a gidan, ba jirgi balle in je gida, Umma na Kaduna ina nan, kullum zuciya a rataye. A irin wannan hali duk wanda ya zauna ya kalle ki ya ce bari mu ga me ke tafe, toh sai kin saurare shi. Daga kallo na fara tambaya, daga tambaya na sayi nawa, na haddace ma'anoni, na fara gwadawa a kan ƙawaye, ƙawaye suka faɗa wa ƙawaye, kafin in ankara ina karɓar fam kaza ta waya daga mata a Birmingham da Landan har da Abuja.

Kuma ina sallah fa duk tsawon lokacin nan. Ina azumi. Wannan shi ne abin da mutane basa ganewa in ana irin wannan labari, suna ɗauka sai mutum ya bar addini tukuna. Ni dai kawai na ajiye abubuwan biyu a ɗakuna daban-daban a cikin kaina na ja ƙofa. Da wani ya ce min zo in kai ki wajen malamin duba mai bugun ƙasa da faifan rairayi da sai na ce a'uzubillahi, ni? Amma da yake wannan a kwali mai kyau yake zuwa, da ɗan littafinsa na turanci, ana kunna kyandir mai ƙamshi, sai ban taɓa kiransa duba ba. Duba ne dai da ya yi boko. Abin dariyar ma daga baya na gano cewa ƙungiyar asiri ta Golden Dawn da aka kafa a Landan a 1888, wadda daga cikinta mafi yawan fassarar katin da muke haddacewa ta fito, su kansu suna koyar da bugun ƙasa, mai gidaje goma sha shidan nan dai, wanda Turawa suka samo daga littattafan Larabci da aka fassara tun ƙarni na 12. Wato abin da nake ɗaga wa hanci a gida da abin da nake yi a Manchesta makarantarsu ɗaya.

Farkon abin da ya fara sassauta min gwiwa tarihi ne, ba wa'azi ba. Ni mutum ce mai son bin diddigi, in na kama abu sai na ga ƙarshensa, toh sai na fara karanta daga ina katin nan ya fito, don a ɗan littafin da ke cikin kwali da bakin masu koyarwa a YouTube kullum maganar ita ce ilimi ne na tsohuwar Masar, firistocin Fir'auna suka ɓoye shi cikin hotuna. Ashe babu wannan. An ƙirƙiri tarot a arewacin Italiya ne wajen 1440, a fadojin masu mulkin Milan da Ferrara da birnin Florence, kuma don wasa aka yi shi, wasan karta zalla, manyan katin nan 22 aikinsu shi ne su cinye sauran a hannu. Katin da aka zana wa gidan Visconti da Sforza na Milan da ruwan zinare har yau suna nan, wasu a wani ɗakin karatu a New York wasu a Bergamo. Sama da shekara ɗari uku mutane suna buga abinsu ba wanda ya ce yana ganin gobe a ciki. Sai a 1781 wani malamin coci a Paris, Antoine Court de Gébelin, ya ga ana wasan a wani gida ya ce ai wannan littafin hikimar Masar ne, ya rubuta haka ba hujja ba komai, a lokacin ma babu mai iya karanta rubutun tsohuwar Masar a duniya, sai 1822 wani Bafaranshe mai suna Champollion ya warware shi, kuma da aka karanta ba a ga ko alamar tarot ba. Bayansa wani mai kiran kansa Etteilla ya mayar da abin sana'a ya buga kati na musamman don duba, sannan wani Bafaranshe, Éliphas Lévi, wajen 1855 ya ɗaura manyan 22 ɗin a kan haruffan Ibraniyanci 22 saboda kawai adadin ya zo ɗaya. Wani farfesan falsafa na Oxford, Michael Dummett, shi ya zauna a 1980 ya tattaro takardun ya nuna duk yadda aka yi.

Inda Masar ta shigo da gaske kuma ba inda suke nunawa ba ne. Ita kartar kanta, mai gida huɗu, daga ƙasashen Musulmi ta shiga Turai wajen 1370, irin ta zamanin sarakunan Mamalik na Masar. Akwai wata a gidan tarihi na Topkapi a Istanbul, gidajenta kofuna, takubba, sulalla da sandunan ƙwallon dawaki, babu hoton mutum ko ɗaya a jiki sai ado da rubutun Larabci. Turawan lokacin basu san folo ba sai suka mayar da sandar ta zama kulki kawai (mu da muke da filin folo a Kaduna da Katsina da mun gane ta da gani ɗaya). Wannan ya ba ni mamaki sosai kuma har yanzu yana cikin abin da nake so game da katin.

Sai kuma wanda nake amfani da shi, wanda kusan kowa ke amfani da shi, mai hoto a kowane kati, na 1909. Arthur Edward Waite ne ya tsara, wata mata Pamela Colman Smith ta zana dukka 78 ɗin cikin 'yan watanni a kan kuɗi kaɗan. Waite ɗin nan da kansa ya musanya wurin kati biyu, Ƙarfi da Adalci, na 8 da na 11, don su dace da lissafin taurarin ƙungiyarsu. Na tsaya ina tunani, toh in har mutum zai iya zama a Landan ya canza musu lamba don tsarinsa ya fita daidai, ina asirin yake? Ita kuwa Pamela labarinta ya tsaya min a rai, a nan Manchesta ta yi ƙuruciyarta kafin iyayenta su koma Jamaika, har ta buga tatsuniyoyin Anansi da ta ji a can, wanda ɗan'uwan Gizonmu ne. Shekara biyu bayan ta gama zanen katin, a 1911, ta shiga ɗarikar Katolika, ta ƙarasa rayuwarta a Cornwall ta rasu a 1951 da bashi a kanta, katin da ta zana kuma ana ta sayar da miliyoyi. Ita ma dai hanyarta ta canza, ban ce dalilinta irin nawa ba ne.

Toh da na san wannan sai na daina cewa ina ganin abin da zai faru. Na canza rubutun kan shafina, wasunku za su tuna, na koma cewa kati madubi ne, baya faɗin gobe, yana taimaka miki ne ki ga abin da ke cikin zuciyarki. Yawancin masu tarot na zamani a nan ƙasar haka suke faɗa, suna jingina da masanin halayyar ɗan Adam Carl Jung da maganar cewa hotunan nan siffofi ne da ke kwance a zuciyar kowane ɗan Adam. Dama kuma tun 2008 da aka soke tsohuwar dokar 1951 kan masu da'awar gani har hanji aka mayar da su ƙarƙashin dokar kare masu sayayya, kusan kowa sai ya rubuta a ƙasan shafinsa cewa don nishaɗi ne kawai. Ni ma na rubuta. Na ji daɗin wannan matsayin ba kaɗan ba, don ya bar min komai, ga kati ga kuɗi ga sallah, in wani ya kawo min hadisi in ce ai ni ba gaibu nake faɗa ba, hira muke da hotuna.

Kuma gaskiya akwai abin da yake aiki a ciki, ba zan ƙaryata ba don na bari. Ki ajiye wa mace hoton kofuna takwas, mutum ya juya baya ya ɗau sandarsa yana tafiya cikin dare ya bar kofunan a jere, ki yi shiru, sai ki ji ta fara faɗin abin da ta shekara tana haɗiyewa. Hoton ya ba ta ƙofa. Amma kuma na karanta gwajin da wani malamin ilimin halayyar ɗan Adam a Amurka, Bertram Forer, ya yi a 1948, ya ba ɗalibansa takarda ya ce kowa ga bayanin halinka na musamman, ya ce su ba shi maki daga sifili zuwa 5, suka ba shi wajen 4.3, alhali takarda ɗaya ce ya raba wa kowa kuma daga littafin taurari na bakin titi ya tsinto jimlolin, irin su kana so mutane su so ka, kana yawan ganin laifin kanka. Da na karanta sai da na ajiye wayar, don na san jimlolin nan, nawa ne, kusan kullum sai na faɗe su. Ba wai ina yi da niyyar yaudara ba, baki ne yake koyon abin da yake sa mutum ya gyaɗa kai, kina kallon fuskarta a bidiyo, kin ga inda idonta ya canza sai ki bi ta nan, inda bata motsa ba ki wuce da sauri, ita kuma in an gama waɗanda suka dace kaɗai za ta tuna.

Wadda ta ƙarasa rusa min maganar madubin wata yarinya ce, ba zan faɗi garin da take ba. Ta girme wa ƙanwata da kaɗan, ɗaliba ce, akwai wanda yake nemanta da aure a gida iyaye sun amince ita kuma zuciyarta na rawa. Kafin mu fara sai da na yi mata karatun nan nawa, na ce ƙanwata kin ga ni ba duba nake ba, katin nan bai san komai ba, ke za ki yanke hukunci. Ta ce toh Anti na gane. Na jera, na buɗe na tsakiya, sai ga takubba uku, zuciya ja a tsakiyar hadari da ruwan sama takubba uku sun huda ta. Ban ma buɗe baki ba na ga ta dafe ƙirji ta ce innalillahi, shikenan Anti na gani. Na ce tsaya mana, wannan yana iya nufin tsohon ciwo, yana iya nufin tsoronki ne ba shi yaron ba, na yi ta zuba bayani kusan rabin awa tana cewa toh Anti, toh Anti, amma na san ba ji take ba, hoton ya riga ya shige. Da za mu yi sallama ta ce Anti dan Allah ki ƙara ja min ɗaya kawai, in ya fito mai kyau zan yarda in bai fito ba in faɗa wa Baba a fasa.

Ban ja ba. Na ce mata network ne, na kashe, wanda shi ma ba daidai ba ne amma abin da ya zo min ke nan. Daga baya na kira ta ba kati muka yi magana doguwa, ashe abin da ke damunta bai wuce cewa bata taɓa zama da shi sun yi maganar karatunta ba, ko zai barta ta ƙarasa ko a'a, tambayar da shi kaɗai zai iya amsawa kuma waya ɗaya ce.

Maganar tata ta ja min ɗaya kawai ita ta dinga dawo min. Don na tuna a Islamiyya an karantar da mu azlam, kibiyoyin da Larabawan jahiliyya suke ajiyewa, ɗaya an rubuta yi, ɗaya kar ka yi, ɗaya ba komai, in mutum zai yi tafiya ko aure sai ya zura hannu ya zaro. Suratul Ma'ida aya ta 90 ta jera su tare da giya da caca da gumaka. Da ina ɗauka matsalar duba ita ce da'awar sanin gaibu kawai, shi ya sa na ga in na cire da'awar na tsira. Amma su kibiyoyin nan ai ba labarin gobe suke bayarwa ba, hukunci suke yanke wa mutum, ya ɗauki abin da ya kamata ya yi da hankalinsa da shawara da addu'a ya miƙa wa abin da hannu ya zaro. Kuma abin da yarinyar nan ta roƙe ni ke nan daidai ba ragi. Duk abin da na rubuta a saman shafina, duk karatun da nake yi kafin a fara, wadda ta biya kuɗi ta zauna gabana da tambayar aure ko biza ko kishiya ba madubi ta zo nema ba. Ni nake cewa madubi, ita duba take ji, kuma abin da ta ji shi za ta tafi da shi gida ta yi aiki da shi. Hadisin da ke cikin Muslim kan wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi ba a karɓar sallarsa ta dare arba'in na san shi tun ina yarinya, na daɗe ina zagaye shi da cewa ai ni ba mai duba ba ce, sai ranar na lura hadisin maganar mai zuwa tambaya yake, wato su ƙawayen nawa da kwastomomina, kuma ni na buɗe musu ƙofar.

Ni ba malama ba ce, ba fatawa nake bayarwa ba, kuma ina da ƙawaye a nan da ba Musulmi ba da suke buɗe kati suna jin daɗin abinsu, baturiyar nan da ta koya min har gobe muna shan shayi tare kuma ban taɓa ganin ta cuci kowa ba. Labarin inda ni na tsaya nake bayarwa. Kuma tunda an zo nan bari in faɗi wata da za ta ɓata wa wasu rai, mu ma a gida mun iya mayar da abu mai kyau duba. Istihara da aka koyar raka'a biyu ce da addu'a, kai da kanka, ka roƙi Allah in alheri ne ya sauƙaƙa in sharri ne ya kawar, sannan ka tashi ka ci gaba da abin da ka ga ya fi. Amma yau sai a tura wa malam sunan yarinya da sunan uwarta da kuɗin goro a ce ya kwana ya gani, gobe ya bugo ya ce ya ga duhu, aure ya mutu tun ba a ɗaura ba. Wasu daga cikin masu turo min wa'azi a akwatin saƙo lokacin da nake buɗe kati na san suna yin wannan. Toh ni dai a wajena takubba uku da malam ya ga duhu duk hanya ɗaya suka bi.

Abin da ya sa ban tsani katin ba kuwa, wata tafiya ce da na yi Lyon wajen wata 'yar'uwa da ke aure a can, mijinta ɗan Damagaram ne ya daɗe a Faransa. Bayan cin abincin dare abokansa suka zo ya ce za su buga tarot, gabana ya faɗi na ce a raina har nan? Sai ga shi ya fito da kati 78 cif, amma hotunan manyan ba Mutuwa ba Shaiɗan, mutane ne kawai suna harkokinsu, ana girbi ana rawa ana zaune a lambu, da manyan lambobi a sama. Su huɗu, kowa aka raba masa 18, shida aka ajiye a tsakiya suna kiransu kare. Mutum ɗaya ne yake cin alwashin zai fuskanci sauran ukun, duka makin da ke cikin katin 91 ne, kuma yawan da zai nema ya danganta da kati uku masu daraja da ya kama, na 1 da na 21 da Wawan nan, in bai da ko ɗaya sai ya kawo 56, in ya haɗa ukun 36 ta ishe shi. Ana ta ihu ana tsokanar wanda aka kama masa ƙaramin na 1, matar gidan tana cewa Alhaji a rage murya yara sun yi barci. Na ce masa Yaya ka san a Ingila da wannan ake duba? Ya yi dariya ya ce ya sani, amma shi tun yana ɗalibi a nan ya san shi a matsayin karta, har hukumar wasan suke da ita ta ƙasa tun 1973 ana gasa. Na san akwai malaman da ko kartar ma basa so, wannan wata magana ce daban, amma ni ganin Wawan da na shekara ina fassarawa da sabon mafari da tsalle cikin abin da ba a sani ba an jefa shi a tebur don kawai a tsira da maki huɗu da rabi, wani abu ya sauka daga kaina a daren nan.

Umma dai ra'ayinta a ƙone su. Ranar da na faɗa mata komai a waya ta yi shiru ta ce dama ta taɓa hango su a kan gado muna bidiyo ta ɗauka karta na koma, ta ce Allah ya shirya ya kuma tsare gaba, sannan ta ce ki sa musu ashana. Na ce toh Umma. Ban sa ba tukuna, suna cikin akwati tare da tsofaffin takardu, don har yanzu ina ganin zanen matar nan Pamela aiki ne mai kyau kuma takarda ce da tawada, ƙarfin da ke jikinta mu muke ɗora mata. Wata rana ina ganin Umma ta fi ni gaskiya, tunda abu in yana kusa hannu yana iya komawa, musamman ranar da rai ya ɓaci. A nan dai ban gama yanke wa kaina ba.

Abin da na ɗauka daga shekarun nan wanda ba zan yar ba shi ne sauraro. Na gano yawancin matan da suke kirana basu da wanda zai zauna ya ji su awa guda ba tare da ya katse su da ki yi haƙuri ba, kuma rabin tambayoyin ma ba na kati ba ne tun asali. Mai tambayar ko takardunta za su fito lauyan shige da fice take buƙata ko ta je ofishin ba da shawara na Citizens Advice kyauta, mai tambayar me ya sa kullum take cikin ƙunci bata barci likita ya kamata ta gani, mai tambayar ko mijinta na neman aure shi za ta zaunar. Na fara wani kwas na yamma kan ba da shawara a wata kwaleji a nan, matakin farko ne dai, ba wai na zama wata abu ba, kuma abin da suka fara koya mana shi ne ka rufe bakinka kar ka yanke wa mutum hukuncin rayuwarsa, wanda ya yi min wuya fiye da haddace ma'anar kati 78.

Shafin nan ba zan rufe shi ba. Zan dinga rubutu kan tarihin karta da zane-zanenta don abin ya shiga raina, na gaba ma kan katin Mamalik ɗin nan ne in Allah ya yarda, da kuma rayuwar aikin dare a ƙasar nan wanda da yawanku kuka ce in dinga taɓawa. Tsofaffin bidiyon da nake buɗe katin mako na sauke su, ba sai an tambaye ni ina suka shiga ba. Masu cewa toh in tura su wajen wata mai buɗewa da na yarda da ita, ku yi haƙuri ba zan tura ba, kun san hanyar intanet ba sai da ni ba. Wadda kuma take son mu yi magana kawai, ba kati ba kuɗi, ina nan ranakun da bana aiki, amma a turo saƙo tukuna kar a kira kai tsaye don in na kwana a wajen aiki sai bayan azahar nake tashi.